Sadarwa da Haske ta Sarari a Cikin Kwamfuta: Bayani da Misalai daga Ƙasar Bakalori

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a yi bayani da Hausa a kan wata dabara ta haɗa sassan kwamfuta, ko kuma kwamfuta da 'yar'uwarta, ta hanyar aika haske kai tsaye ba tare da ya bi ta cikin waya ba. Dabarar ba baƙuwa ba ce ƙwarai kamar yadda za a zata. Duk gidan da ke da talabijin a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun akwai rimot a cikinsa. In an latsa rimot, wata 'yar fitila da ke bakinsa takan riƙa ƙyaftawa da wani irin haske da idon ɗan Adam ba ya gani, akwatin talabijin kuma ya karanta ƙyaftawar ya canja tasha. In yaro ya gitta tsakaninsu, saƙo ya yanke. In bakin rimot ya kauce, sai an sake nuna shi. Waɗannan abubuwa biyu, watau gittawar wani abu da kaucewar saiti, su ne matsalolin da suka sha kan injiniyoyi shekara arba'in, kuma a kansu yawancin bayanin zai tsaya.

An ɗauko misalai daga aikin noman rani na Bakalori, domin hanyoyi biyu na kai ruwa gona da aka shimfiɗa a wannan yanki sun yi kama da hanyoyi biyu na kai saƙo a cikin kwamfuta, kamar da za ta taimaki malamin da ke son koyar da wannan fanni da harshen ɗalibansa.

2.0 Batun Suna

Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita kalmomi. Kalmar waya aro ce daga Ingilishi, kuma asalin ma'anarta shi ne zaren ƙarfe. Da tangaraho ya zo, sai ta ɗauki ma'anar saƙon da ke bin zaren, aka sami buga waya da gidan waya. Da aka fara aika saƙo ba zare, Bahaushe bai yar da kalmar ba, ya ce wayar iska. A yau abin da ke aljihun kowa sunansa waya, alhali ko taƙi ɗaya na zare bai haɗa shi da komai ba. Ke nan a Hausa waya ta daɗe da zama sunan hanyar saƙo kowace iri ce, kuma babu laifi a ce wayar haske.

Sai dai wayar haske iri biyu ce. Akwai wadda haske ke bi ta cikin siririn zaren gilashi, irin wadda ake binnewa a gefen titi, za a kira ta zaren gilashi a nan. Akwai kuma wadda ake sakin hasken ya tafi da kansa daga wannan wuri zuwa wancan, ita ce abin magana. Wasu za su so a kira ta wayar haske ta iska, bisa kwatancen wayar iska. Wannan bai dace ba, domin haske ba ya bukatar iska kafin ya yi tafiya. Hasken rana ta inda babu iska yake ratsowa, iska ma cikas ce gare shi kamar yadda za a gani. Kalmar fili kuwa ƙasa take kawowa a zuciya, filin gona ko filin idi. Wadda ta fi dacewa ita ce sarari, saboda tana ɗaukar ratar da ke tsakanin abu biyu komai ƙanƙantarta, tana kuma ɗaukar sararin samaniya komai faɗinsa, dabarar kuwa tana aiki a duka biyun. Saboda haka sadarwa da haske ta sarari za a riƙa cewa.

Sauran kalmomin ba su da wuya. Ƙaramin falle na silikon da ake zana dubban miliyoyin taransista a kansa za a kira shi ƙwaya. Fitilar da ke fitar da haske tsantsa mai launi ɗaya wanda ba ya bazuwa da sauri, leza. Tsawon kaɗawar haske kuwa gidajen rediyo sun riga sun sama masa suna tun da daɗewa, da suka ari zango daga bakin fatake suka ce gajeren zango da matsakaicin zango. Haske da igiyar rediyo jinsi ɗaya ne, bambancinsu zango. Na rediyo da mita ake auna shi, na lezar sadarwa kuwa da nanomita, watau kashi ɗaya cikin biliyan na mita, kuma waɗanda aka fi amfani da su su ne 850 da 1310 da 1550, dukkansu a wajen abin da ido ke iya gani.

3.0 Abin da Ya Gajiyar da Jan Ƙarfe

Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, an tsara ta ne ta shayar da kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Maradun da Talata Mafara da Bakura. Kashi ɗaya na gonakin ta kanal ruwa ke zuwa musu: babban kanal ya raba wa matsakaita, matsakaita su raba wa ƙanana, har ruwa ya shiga fangali. Duk manomin da gonarsa ke ƙarshen kanal ya san abu uku. Ruwa ba ya iso shi sai kanal ya cika tun daga farko. Wani kaso yana tsiyayewa a hanya. Kuma kanal biyu ba sa ratsa juna a bisa daidai, dole ɗaya ya bi ta gada ko ya nutse ta ƙarƙashi, in ba haka ba ruwansu ya gauraye.

Haka wayar jan ƙarfe take a cikin kwamfuta. Saƙon kwamfuta jerin alamomi biyu ne, 1 da 0, kowace alama ana kiranta bit. Kafin a aika 1 sai an cika wayar da lantarki daga wannan baki zuwa wancan, kafin a aika 0 sai an zubar da shi. Ana yin wannan sau biliyoyi a sakan ɗaya, kuma kowane cikawa da zubarwa yana zama zafi. In waya ta yi tsawo, alama ba ta gama wucewa ba ta bayanta ta tarar da ita, sai su caɓe, mai karɓa ya kasa bambance su. David Miller da Haldun Ozaktas sun nuna a 1997 cewa yawan bit da wayar lantarki ke iya ɗauka a sakan yana tafiya ne da kaurinta, yana kuma raguwa da tsawonta sau tsawonta. Watau in an ninka tsawon waya biyu ba a ƙara mata kauri ba, abin da za ta ɗauka ya koma rubu'i. Daɗin daɗawa, waya biyu da ke kusa da juna sukan yi wa juna katsalandan, kamar yadda a zamanin tarho na tebur mutum kan ji muryar wasu a layinsa.

Da can wannan bai dami kowa ba, domin ƙwayoyin ba su da sauri. Ƙwayar Intel 4004 ta shekarar 1971 taransista 2,300 ne a kanta. Ƙwayar H100 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 tana da biliyan 80. Taransista in an ƙanƙanta shi sauri yake ƙarawa, amma waya in an sirance ta nauyin jiki take ƙarawa. Aka wayi gari lissafi ya yi araha, kai sakamakon lissafi daga wannan ƙwaya zuwa waccan shi ne mai tsada. A manyan rumbunan kwamfutoci na yau, wayar jan ƙarfe mafi sauri ba ta wuce 'yan mitoci kaɗan, duk abin da ya fi haka sai zaren gilashi.

4.0 Haske Ba Ya Gauraya

Hasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana wani gwaji a littafinsa Kitab al-Manazir. A jera fitilu da yawa a wurare daban-daban, dukkansu suna fuskantar wata ƙaramar kafa da ke shiga wuri mai duhu. A bangon da ke cikin duhun za a ga tabon haske daidai yawan fitilun, kowane tabo yana kan miƙaƙƙen layi da fitilarsa. In an rufe fitila ɗaya, tabonta kaɗai ke ɓacewa, sauran suna nan yadda suke. Hasken dukkansu ta kafa ɗaya ya bi, amma ba wanda ya ɓata ɗan'uwansa. Abin da ya fitar daga wannan shi ne haske da launi ba sa gauraya a cikin iska.

Duk ginin sadarwa da haske ta sarari a kan wannan ya tsaya. Kanal ba ya ratsa kanal, waya ba ta ratsa waya, amma hasken tocila biyu na masu gadin gona yana ratsa juna kowane ya wuce abinsa. Saboda haka hanyoyin saƙo dubu na iya bi ta sarari ɗaya ba gada ba rami. Akwai kuma fa'ida ta biyu wadda ta fi wannan girma, ita ce ta gilashi mai tattara haske, irin na tabarau ko na kyamara. Gilashi ɗaya yana ɗaukar hoto sukutum a lokaci guda, kowane ɗigo na abin da ke gabansa ya kai shi mazauninsa a bayansa. In aka jera ƙananan leza dubu a fuskar wata ƙwaya, aka jera ƙananan idanu masu karɓar haske dubu a fuskar wata, gilashi ɗaya ko biyu a tsakani sun isa su haɗa kowace leza da idonta. Da zaren gilashi za a yi, sai an ja zare dubu an liƙa kowane da hannu ko da inji.

Har ila yau haske ba ya bukatar a cika hanya kafin ya isa. Abin da ake bukata shi ne ya iso da ƙarfin da idon karɓa zai gane shi, ko tafiyar taƙi ce ko ta mita goma. A sarari yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan, watau kimanin santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. A cikin gilashi kuwa gudunsa yana sauka zuwa kimanin 200,000.

Wannan hali na rashin gauraya shi ne kuma ya hana haske ƙwace aikin lissafi daga hannun lantarki. Lissafi yana bukatar wannan alama ta buɗe wa waccan hanya ko ta rufe mata, abin da taransista ke yi ke nan. Abin da bai damu da ɗan'uwansa ba kuwa da wuya a sa shi ya tsare masa ƙofa. A Janairun 1990 Alan Huang da abokan aikinsa a ɗakin bincike na Bell a Amurka sun nuna wata na'urar lissafi da ke aiki da leza da madubai da gilasai, jaridu suka yi ta yayata cewa zamanin lantarki ya ƙare. Aikin da na'urar ta iya bai wuce ƙidaya mai sauƙi ba. Ra'ayin da ya tabbata shi ne wanda Joseph Goodman na Jami'ar Stanford da abokansa uku suka gabatar tun 1984, cewa a bar wa lantarki lissafi, a ba haske aike.

5.0 Saiti

Tunanin aika magana a kan haske ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1880 Alexander Graham Bell da mataimakinsa Charles Sumner Tainter sun aika murya tsawon mita 213 a birnin Washington, da hasken rana da suka haska a kan wani siririn madubi mai rawa in an yi magana a bayansa. Bell ya ɗauki wannan a kan ƙirƙirarsa mafi girma, har gaba da tarho. Amma gajimare na gittawa magana ta yanke, sai aka jingine abin. Sai da Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a 1960 aka sami fitilar da ta dace. Wadda ta fi dacewa da aikin cikin kwamfuta kuwa ita ce wadda Kenichi Iga na Japan ya yi tunaninta a 1977, mai fitar da haske daga fuskar ƙwaya ya miƙe sama kamar ruwan rijiyar burtsatse, ta yadda za a iya jera ɗaruruwanta sahu-sahu a wuri kaɗan.

Da fitila ta samu, sai matsalar saiti ta bayyana. Ita ma wannan kalma aro ce, amma ta zauna daram: maharbi yana saita bindiga, mai gyaran mota yana saita ƙafa, mai kafa faifan tauraron ɗan Adam yana hawa soro yana juya shi kaɗan-kaɗan har na cikin ɗaki ya ce hoto ya zo. Zaren gilashi ba ya bukatar saiti sai a bakinsa biyu, a tsakani ko an lanƙwasa shi haske na bin sa, kamar yadda ruwa ke bin kanal duk inda ya karkata. Hasken sarari ba shi da bango. Idon da ke karɓarsa dole ya zama ƙarami domin ya yi sauri, sau da yawa bai kai kaurin gashin kai ba. Kwamfuta kuwa tana zafi, ƙarfe in ya yi zafi yana miƙewa, fankokin sanyaya ta suna girgiza ta, mai gyara yana zare allo ya mayar. Ko wanne daga cikin waɗannan ya isa ya kautar da haske daga idonsa, ko ma ya kai shi idon maƙwabci, wanda ya fi muni, domin saƙon wani ne zai shiga hannun wani. Madubi kuma yana ninka kuskure: in ya karkata da digiri ɗaya, hasken da ya dawo daga gare shi ya karkata da biyu.

Wannan ne ya sa gwaje-gwaje masu yawa na shekarun 1990 suka yi aiki a kan teburin ɗakin bincike, suka kasa shiga kasuwa. An ci gaba da kawo shawarwari. A 2014 masu bincike, yawancinsu daga Jami'ar Stony Brook, sun gabatar da tsarin da suka kira FireFly, inda za a kafa madubi a rufin rumbun kwamfutoci, kowace kanta ta harba haske sama ya dawo kan wadda take so. A 2016 masu binciken Microsoft da wasu jami'o'i sun gabatar da ProjecToR, mai amfani da dubban ƙananan madubai irin na injin haska majigi. Dabaru ne masu ban sha'awa, amma zaren gilashi ne har yanzu ke haɗa kantocin.

Inda dabarar ta yi nasara a sarari ne ƙarami, rufaffe. Kamfanin Google ya bayyana a 2022 cewa ya daɗe yana amfani a rumbunansa da wani akwatin rarraba haske da ya sa wa suna Palomar. Zaren gilashi 136 ke shiga, 136 ke fita. A cikin akwatin haske yana barin zarensa ya shiga sarari, ya faɗa kan wani ɗan mitsitsin madubi na silikon da lantarki ke karkata shi, daga nan zuwa madubi na biyu, sannan ya shiga zaren da aka nufa. Hasken dukkan zaruruwan yana ratsa juna a tsakiyar akwatin, gwajin Ibn al-Haisam ke nan ba ragi. Akwai kyamara a ciki da ke duban wani haske na daban domin ta riƙa gyara saitin madubai ba fashi. A 2023 kamfanin ya bayyana yadda irin waɗannan akwatuna 48 ke haɗa ƙwayoyi 4,096 na babbar kwamfutarsa ta TPU v4. In wani rukunin ƙwayoyi ya lalace, a juya madubai a kewaye shi, ba sai ma'aikaci ya je ya zare waya ba. Madubin kuma bai damu da saurin saƙon da ke kansa ba, ko an ƙara saurin leza shi ba a canja shi. Aibinsa shi ne jinkirin juyawa, saboda haka ba ya rarraba saƙo ɗaya-ɗaya, hanya yake shimfiɗawa a daɗe ana bi.

Wuri na biyu da ta yi nasara shi ne can sama inda babu iska. A 2013 hukumar NASA ta aiko da bayanai daga kewayen wata da leza a kan bit miliyan 622 a sakan. Taurarin Starlink, waɗanda suka fara aiki a Nijeriya a farkon 2023, da leza sababbinsu ke miƙa wa juna saƙo. Abin lura shi ne duka wuraren biyu, akwati da samaniya, babu ƙura a hanyar hasken.

6.0 Hazo

Saura tambayar da ta shafi mutanen ƙasar nan kai tsaye: shin za a iya haɗa gari da gari, ko makaranta da makaranta, da irin wannan haske? Bukatar a fili take. Binne zaren gilashi yana da tsada, masu aikin titi da ɓarayi suna yanke shi, kuma akwai wuraren da ma'aikata ba sa iya zuwa haƙa rami saboda rashin tsaro. Mutanen Zamfara sun ɗanɗana zama ba layi a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe hanyoyin sadarwa na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, ko da yake wannan umarnin hukuma ne, ba irin matsalar da sabuwar na'ura ke magancewa ba.

An gwada abin a Afirka. Brazzaville da Kinshasa suna kallon juna, Kogin Kwango ne kawai a tsakaninsu, amma zaren gilashi sai ya yi zagayen fiye da kilomita 400 kafin ya haɗa su. A 2021 aikin Taara, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Alphabet, uwar kamfanin Google, ya haɗa biranen biyu da haske tsawon kilomita 4.8, ya kuma ba da rahoton cewa cikin kwana 20 an aika kusan terabayit 700, layin yana aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokacin. Na'urorin suna da madubai masu motsi da ke neman juna su riƙe, domin hasumiya tana rangaji da iska. A nisan kilomita 5, kuskuren digiri ɗaya yana kautar da haske da kimanin mita 87. Irin wannan mashigi, kamar tsallake tafkin Bakalori ko fadamar gulbi da damina, shi ne inda dabarar ta fi amfani. Ba ta bukatar lasisin zangon rediyo, kuma satar sauraronta na da wuya tun da sai mutum ya tsaya a kan hanyar hasken. Dole ne dai bakin biyu su hangi juna. Saboda lanƙwasar ƙasa, wanda ke kan hasumiya mai mita 30 a shimfiɗaɗɗen wuri ba ya hango ƙasa fiye da kimanin kilomita 20.

Amma sararin Zamfara ba na Kwango ba ne. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta shimfiɗa ta a kan ƙasar Hausa. Kowa ya san ranakun da rana ke fitowa fara fat kamar faifai, ana iya kallonta da ido, jiragen sama su kasa sauka Kano da Sakkwato, masu duban jinjirin wata su dawo ba labari. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayar ƙura in girmanta ya yi kusa da zangon haske, warwatsa shi take yi ta kowace fuska, kamar yadda Gustav Mie ya yi lissafinsa a 1908. Ƙurar da ke daɗewa a sama kuwa mai laushi ce, girmanta bai yi nisa da zangon lezar sadarwa ba. Igiyar rediyo mai zangon santimita ba ta ma san da ita ba, shi ya sa wayar hannu ke aiki a cikin hazo. Ruwan sama, ko da yake yana rage hasken, bai kai hazo mai kauri ɓarna ba, kuma ba ya daɗewa. Hazo yakan kwana uku ko huɗu bai yaye ba. Ƙara wa leza ƙarfi ba ya magani sosai, domin asarar ninkuwa take yi: in kilomita ta farko ta bar kashi ɗaya cikin goma na hasken, ta biyu za ta bar ɗaya cikin ɗari, ta uku ɗaya cikin dubu. Akwai kuma iyakar ƙarfin da ba a ƙetarewa saboda lafiyar idon mutane.

Da bazara wata matsalar ce. Ƙasa tana zafi, iskar da ke kanta tana tashi curi-curi, wani da zafi wani da sanyi, kowane curi yana ɗan karkata haske. Wannan ne ke kawo kawalwalniya a kan kwalta, shi ne kuma ke sa tauraro ƙyalƙyali. Ga idon karɓa, sai hasken ya riƙa rawa yana ƙaruwa yana raguwa.

A nan misalin Bakalori na biyu ya shigo. Kaso mafi girma na gonakin aikin ba kanal aka shirya musu ba, ban ruwa na feshi ne, inda inji ke turo ruwa ta bututu ya watsa shi ta sama kamar yayyafi. A takarda ya fi kanal: ba sai an baje gona ba, ba a cin ƙasa da magudanai. Amma rayuwarsa ta rataya ga wutar lantarki da injuna da kayan gyara daga waje, kuma zuwa farkon shekarun 2000 ya daina aiki, aka bar manoma da ɓangaren kanal, wanda ko ya tsage ana iya liƙe shi da siminti. Ba a manta kuma da yadda aka fara aikin ba, da ƙwace gonaki da jinkirin diyya, har aka kai ga harbe manoma a watan Afrilu na 1980. Wanda zai kawo wa wannan yanki wata dabara mai kyau a takarda, akwai tambayoyin da manoman Bakalori sun riga shi sanin su: wa zai gyara, ina kayan gyara, da wace wuta. Na'urar haske a kan hasumiya tana bukatar wuta ba yankewa, tana bukatar mai hawa ya share ƙurar da ta kwanta a tagarta.

Saboda haka abin da ya fi kama da hankali shi ne gajeren mashigi, kamar tsakanin gine-ginen makaranta ɗaya irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko tsallake ruwa, tare da wayar iska ta rediyo a gefe wadda za ta karɓi aiki in hazo ya sauko, ko da saurinta bai kai ba. Haɗin biyun yana da ma'ana, domin ruwan sama mai ƙarfi shi ke raunana rediyo mai gajeren zango ƙwarai, hazo kuma shi ke raunana haske, kuma a ƙasar Hausa lokacinsu daban-daban ne. Lissafin da ake bukata kafin a sayi komai ba boyayye ba ne. Injiniyoyi suna ƙiyasta asarar haske a kowace kilomita daga nisan da ido ke iya hangowa, wannan nisa kuwa yana cikin abubuwan da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya ke aunawa kullum a tashoshinta, har da na Sakkwato da Gusau. Daga bayanan shekara goma na waɗannan tashoshi za a iya ƙidaya sa'o'in da hange ke sauka ƙasa da kilomita ɗaya a kowane hunturu, daga nan a san tsawon mashigin da zai ɗore tsakanin Disamba da Fabrairu.